Fasfon Baba a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Ko da tsufa zai cinye mini tunani har in manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta yinin da muka yi ni da Baba a wani tsibiri na Bahar Maliya, muna zaune muna kallon ruwa ya kwanta a kan fasfonsa. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ga ledar kubus, burodin Larabawa, a yashe sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina tuƙin motar wani kamfani a Riyad, ina kai kaya gari-gari. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Manfuha da wasu 'yan uwa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, kuma babbanmu shi ne wannan dattijo da kowa ke kira Baba. Mutumin wani ƙauye ne na jihar Maraɗi. Ya yi kiwon tumakin Larabawa a bayan gari, da ƙafa ta fara gazawa ya koma gadin wani gini. Mutum ne mai raha, mai cika baki a kan sanin daji. Kullum da asuwaki a bakinsa, kuma duk bishiyar da ya wuce sai ya karyi reshe ya ɗanɗana.

A shekarar ne aka aiko masa cewa tsohuwarsa, wadda yake kira Inna, jiki ya yi nauyi. Ta daɗe da rasa gani, yanzu kuma abinci ma sai da lallashi. Da kunnena na ji saƙon muryarta a wayarsa, tana cewa, “Ina jiranka, amma kada ka daɗe.” Baba ya nemi fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Kafilinsa, wato ubangidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya sa hannu, ya miƙo masa fasfonsa da ya yi shekaru a aljihun tebur. Tun ranar Baba bai ƙara rabuwa da fasfon nan ba. Da shi yake barci, a aljihun ƙirji, hannu a kai. Muka zaga kasuwar Batha muka sayi tsaraba, tikiti ya fito na ranar Laraba. Abu ɗaya ya rage. Inna ta ce zamzam kowa na kawowa, ita tana son a haɗa mata da ruwan Bahar Maliya, don mahaifinta ya je hajji a ƙafa, ya haye tekun nan a jirgin ruwa, ya kuma cika mata kunne da labarinsa tun tana yarinya. Shi kuwa Baba duk zamansa a Saudiyya bai taɓa ganin teku ba.

Sai ga shi an ba ni kaya in kai Jizan, can kudu bakin teku. Na ce Baba ya shirya mu tafi, mu dawo kafin Laraba. Muka sauke kaya ranar Asabar, Baba ya fito da gorar roba zai ɗebi ruwa a nan kusa da tashar jiragen ruwa. Da na bar shi ya ɗiba, da labarin nan bai samu ba. Amma ni Allah ya yi ni da son shige-shige. Inda kowa ke zuwa ba ya burge ni, sai lungun da ba wanda ya sani. Na ce, “Haba Baba, wannan ruwan mai ƙarnin man jirgi za ka kai wa Inna? Akwai tsibiri a gaba, Farasan, jirgi na ɗaukar mutum da motarsa. Can ruwan yake garai-garai.” Ya ce to, ai kai ne direba.

Muka haye da yamma, muka kwana a mota kusa da wani masallaci. Da aka idar da Asuba muka kama hanya. Mun wuce bakin ruwa mai kyau, da rumfuna da kujeru da wurin ajiye mota, Baba ya ce a tsaya, na ce wannan na 'yan yawon buɗe ido ne. Mun wuce wani ƙauye, mutane na zaune suna shan shayi, ko sallama ban tsaya na yi ba balle tambaya. Na saki kwalta na bi wata burtali, muna tafe barewa biyu suka gilma a guje, Baba ya yi kabbara don murna. A haka har hanya ta ƙare a kan wani tudun farin dutse.

Kai, wurin ya yi kyau! A ƙasan tudun ga wasu gajerun bishiyoyi kore shar, jere a kan yashi mai danshi. Gaba da su fili ne shimfiɗe, yashi da taɓo da 'yan kududdufai da ba su wuce idon sawu ba. Can ƙarshen filin ga wani ɗan tudun yashi fari fat, bayansa kuma teku shuɗi har iya ganinka. Ba mutum ko ɗaya, sai tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Na ce wa Baba can bayan tudun za mu ɗebo ruwan Inna.

Muka tuɓe takalma muka sauka. Ƙarƙashin bishiyoyin wasu saiwoyi ne suka tsiro sama tsaye-tsaye kamar ƙusoshi, sai ka zaɓi inda za ka taka. Ba mu yi nisa cikin filin ba santsi ya kwashi Baba, ya tafi zai kifa cikin kududdufi, na riƙo shi. Ya dafe ƙirji, ya ce, “A'a. Takardar ga ba ta bin mu cikin taɓon ga.” Na ce to mu mayar mota mu kulle. Ya harare ni ya ce mota ana fasa ta. Muka koma gindin wata bishiya, ya zaro ledar kubus ɗin da muka karya da shi, ya sa fasfon ya ƙulle, ya ƙara wata ledar ya ƙulle. Ya durƙusa ya yi rami har gwiwar hannu, ya binne, ya zana da'ira a kai, ya kafa busasshen kara a tsakiya. Ya ce haka suke yi a gona, su binne goro da guzuri a gindin itace, su dawo da yamma su tarar da abinsu. “Mutum na cin amana, ɗana,” in ji shi, “amma ƙasa ba ta ci.” Da ya miƙe sai ya kai hannu ya karyi reshe kamar yadda ya saba, ya sa a baki, ya tofar. Ya ce wannan wane irin itace ne, har ganyensa gishiri? Ya jefa guntun a aljihu muka wuce.

Ni ɗan ƙasar Daura ne, shi na Maraɗi. A iliminmu duka biyun, ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi sama. Muka ɗaga kai, ko ɗigon girgije babu. Inda bishiya ta tsaya da ganye kuma, ai tudu ne. Wallahi ko a mafarki ban kawo komai a raina ba.

Muka isa ɗan tudun. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon tekun. Sannan ya naɗe wando ya shiga, ya cika gorarsa, ya wanke fuska, ya yi wa kakansa addu'a. Muka zaga muna tsintar farin wuri da katantanwa, ya ce zai kai wa jikoki. Akwai wani dutse mai rumfa a tsakiyar tudun, iska na kaɗawa a inuwarsa. Ga gajiyar tuƙi, ga kwanan mota. Muka ce bari mu ɗan kishingiɗa.

Baba ne ya tashe ni, yana girgiza mini kafaɗa. “Tashi, tashi! Ina hanyarmu?” Na miƙe ina murza ido. Filin da muka ratso babu shi. Ruwa ne malale daga ƙafafunmu har can. Na ce, “Baba, barci ne ya juya mu, ta bayan dutsen muka fito.” Muka zaga baya, ruwa. Muka zaga gabas, ruwa. Muka dawo inda muka tashi, muka sake zagawa, kamar zagayen zai canja wani abu. Sai na hango motarmu can kan farin tudu, ƙarama, tana walƙiya a rana. A ƙasanta ga bishiyoyin nan, ruwa ya kai musu wuya, kawunansu kawai ke lilo a sama.

Baba ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni. “An yi ruwa muna barci?” Na taɓa rigata, a bushe. Ya ce to lalle an yi shi a wasu duwatsu can nesa, gulbi ne ya kawo, haka na Maraɗi ke yi, ka kwana lafiya ka tashi ya cika. Na ce Baba wane gulbi a tsakiyar teku? Ni kuma nawa tunanin, ko dai wani dam aka buɗe. Da na tuna ba a yi wa teku dam, sai na ce ko tsibirin ne ke nitsewa, don na taɓa ganin irin haka a waya. Na zaro wayar, ba sabis ko layi ɗaya. Na kafa tsinke a bakin ruwan don in gani. Kafin mu gama musu ruwa ya shanye tsinken. Nan fa ido ya raina fata.

Baba ya zauna daɓas a yashi. Ya ce, “Fir'auna ma haka aka yi mishi a tekun ga. Hanya ta buɗe, ya shiga, ta rufe.” Na ce, “To mu wa muka biyo, Baba? Ruwa muka zo ɗiba!” Ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ga wuri mai rumfa da kujeru na ƙi tsayawa. Har zuwa lokacin kanmu muke ji. Sai na ga hannunsa ya tafi aljihun ƙirji kamar yadda ya saba, ya shafa, ya ji wayam. Fuskarsa ta sauya. Ya miƙa yatsa wajen bishiyoyin.

Kafin in ankara ya faɗa ruwan. Dattijon da ko a tafki bai taɓa iyo ba! Na bi shi, ni ma ba iyawa na yi ba. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu, ga wani ja da yake yi ta ƙasa yana kwashe yashin da ka taka. Na rungumo shi ta baya, yana fizgewa yana cewa in sake shi. Na ce, “Baba, in ka nitse wa zai je wa Inna? Gawa ba ta hawa jirgi da fasfo!” Da ƙyar na jawo shi tudu. Ya zauna ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce neman sabuwar takarda ba aikin kwana biyu ba ne, Inna kuwa ba ta da kwanakin jira. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya cika ni, na rasa inda zan sa raina.

A nan muka yi Azahar, ban san ma ko alƙiblar daidai muka fuskanta ba. Muna sallamewa muka ji ƙarar inji. Wani ɗan ƙaramin jirgin kamun kifi ne, da wani tsoho baƙi wuluk a ciki, ya ɗaura zane a ƙugu. Baba na ganin fatarsa ya hau ƙwala masa kira da Hausa, “Bawan Allah! Taimaka muna!” Ashe haifaffen tsibirin ne, Larabci kawai yake ji. Ya matso, na haɗa ɗan Larabcin titi da nake da shi, na tambaye shi wace masifa ce ta faru yau. Ya dube mu, ya dubi ruwan, ya ce wace masifa? Na nuna masa filin da ya ɓace. Tsohon nan ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, “Moya yiji, moya yiruh. Kullu yom.” Wai ruwa na zuwa, ruwa na tafiya, kullum. Na fassara wa Baba. Baba ya ce, “Kullum? Tambaye shi wa ke buɗe shi.” Na tambaya. Tsohon ya nuna sama ya ce wata ne. Baba ya ɗaga kai, rana tsaka, ba wata ba alamarsa. Ya ce da ni a hankali, “Wanga mutum lafiyarshi ƙalau kuwa? Mi ya haɗa wata da ruwa?” Ni ma a lokacin ban ga haɗin ba, na dai gyaɗa kai don a zauna lafiya.

Tsohon ya ɗauke mu a jirginsa. Da muka zo ta cikin bishiyoyin na gaya masa abin da muka binne. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce in an yi La'asar ruwan zai ja baya, ƙasa za ta fito kafin Magariba, amma cikin dare zai dawo, kuma duk zuwan da ya yi yana motsa yashi. Ya sauke mu kusa da mota, ya yi mana addu'a, ya tafi kai kifinsa. Muka zauna a kan dutse muna gadin teku. Baba bai yarda ba, ya ce ruwan da ya zo da yawa haka ba ya tafiya a yini guda. Sai ga shi kuwa, sannu a hankali kututturan bishiyoyin suka fara fitowa. A jikin kowace ga zanen ruwa nan, inda yake tsayawa kullum, baƙi daga ƙasa, fari daga sama. Da safe mun wuce su da idanunmu biyu, ba wanda ya lura.

Ruwa na sauka idon sawu muka diro. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Da'irar da Baba ya zana babu, karan da ya kafa babu, sawunmu babu. Yashin ya kwanta sumul kamar ba a taɓa taka shi ba, bishiyoyin kuma duk kamarsu ɗaya. Baba ya ce wannan ce, muka tona, ba komai. Ya ce a'a, waccan ce mai karkata. Muka tona, sai ƙaguwa ta fito ta ɗaga mana hannu. Ramin da ka tona kafin ka juya ya cika da ruwa ya rufta. Bawon katantanwa ya yayyanka mana yatsu, gishiri na shiga yana zafi. Mai sanin daji ya rikice, ya koma yana tona inda muka riga muka tona. Rana ta yi ja, ta fara sauka kan ruwa, ga jirgin safe da dole mu kama in har za mu isa Riyad kafin Laraba.

Baba ya gaji ya jingina da wata bishiya, ya ce, “Shi ke nan, ɗana. Allah bai nufa in gan ta ba.” Ya sa hannu a aljihu ba tare da tunani ba, ya zaro asuwaki ya kai baki, sai ya yamutsa fuska ya tofar. Gishiri. Na tsaya ina kallon guntun icen nan a hannunsa. Na daka tsalle na ce, “Baba! A ina ka karyo wannan?” Ya dube ni, ya dubi icen, ya miƙe zumbur kamar ba shi ne ya gaji ba. Duk yammacin nan ƙasa muke duba, alhali alamarmu na sama. Muka rabu, shi dama ni hagu, muna bin rassa ɗaya bayan ɗaya da sauran hasken da ya rage. Shi ya gan ta. Wata bishiya can gefe da ko kusa da ita ba mu je ba, ga sabon karaya fari a reshenta. Ya ɗora guntun a kai, ya zauna daram.

Muka durƙusa mu biyu muna tono kamar mahaukata. Yatsana ya taɓa leda. Na jawo ta, ta waje cike da ruwa da yashi. Baba ya kasa kwance ƙullin ta ciki, sai da haƙori ya yaga. Fasfon ya sha danshi, gefensa ya kumbura, amma hoton na nan, rubutun na nan. Baba ya kifa goshi a taɓon nan ya yi sujada, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, fuska duk laka, ya ce, “Ban gaya maka ba? Ƙasa ba ta cin amana.” Na ce, “Baba, don Allah kada ka sa in yi magana.” Muka yi dariya har da hawaye.

A kan gaban mota fasfon ya bushe, muna tafe Baba na juya shafukansa ɗaya-ɗaya har Riyad. Ranar Laraba na raka shi filin jirgin Sarki Khalid. Daga nesa na hango ma'aikacin yana juya fasfon, ya sa a na'ura, ya cire, ya sake sawa. Sai na ga ya miƙa masa, Baba ya waiwayo ya ɗaga mini hannu.

Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo. Baba ne, ana ta hayaniya a bayansa. Ya ce Inna ta shafa fuskarsa ta gane shi, ta karɓi gorar ta kurɓa, ta furzar. Sai ga muryarta da kanta, siririya, tana dariya tana cewa, “Wanga ruwa ne babana ya yi ta yabo? Ko miya ba a yi da shi!” Amma ta hana a zubar, ta ce a ajiye mata kusa da kai, kullum sai ta shafa a fuska. Watan bai ƙare ba Baba ya kira ni, ya ce Inna ta rasu da safe, kanta a kan cinyarsa. Ya ce da ya tsaya neman sabuwar takarda, ƙasa kawai zai tarar.

Har gobe ina son lungun da ba kowa ke zuwa ba, wannan hali ba zai bar ni ba. Amma ranar na gane cewa baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma sanin dajinku ba ya aiki a dajin wasu. Tambaya ɗaya ga masu shan shayin nan da ta ishe mu, na wuce su da gudu, saura ƙiris in raba uwa da ɗanta a ganin ƙarshe. Yanzu duk inda na je, kafin in saki kwalta sai na tsaya, na sauko daga mota, na yi sallama, na ce wa mutanen wurin, ni baƙo ne, me ya kamata in sani?